Wuta da Wasa: Tarihin Sana'ar Gyaran Kwamfuta a Jalingo

Sana'ar gyaran kwamfuta tana cikin sana'o'in da suka fi ƙuruciya a Jalingo, amma duk da ƙarancin shekarunta ta riga ta tara ilimi nata na kanta, wanda aka haƙo a kan teburin gyara cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ba ta da tabbas. Wanda ya bi tarihin wannan sana'a zai tarar cewa mafi yawan abin da masu ita suka koya ya ta'allaƙa ne a kan wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke maƙale a cikin kwamfutar tebur, wanda suke kira fawa-fak, shi ne kuma ke karɓar wutar bango ya sarrafa ta ya rarraba wa sauran sassan injin. Zai kuma tarar cewa abin da ya tona asirin wannan akwati, ya tilasta wa masu gyara su san shi ciki da waje, shi ne wasannin kwamfuta, waɗanda manya da dama ke ɗauka shiririta ce ta yara.

Garin kansa ya girmi sana'ar da kusan ƙarni guda. A 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo kusa da Kona, bayan yaƙin da ya yi da mutanen wurin tare da taimakon Bafaranshen nan Louis Mizon, daga nan kuma fadar masarautar ta zauna a garin. Shekaru masu yawa Jalingo ta kasance hedikwatar masarauta da ake yanke manyan hukunce-hukuncenta daga nesa, daga Maiduguri a zamanin Jihar Arewa maso Gabas, daga Yola kuma bayan kafa Jihar Gongola a 1976, har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Taraba ta mayar da garin babban birninta. Sabuwar jiha takan zo da ma'aikatu da bankuna da 'yan kwangila, su kuma waɗannan ba sa rabuwa da takarda, saboda haka kwamfutocin farko da suka shigo garin keken rubutu suka gada, a ofisoshin gwamnati da kuma shagunan buga takardu da ake kira bizines santa, inda ake buga wa mutum wasiƙar neman aiki ko takardar neman kwangila ya biya gwargwadon shafukan da aka buga masa.

Masu gyaran farko ba su faɗo daga sama ba. Kamar yadda ya faru a sauran biranen Arewa, sana'ar ta tsiro ne daga jijiyoyi biyu da ba su cika haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba. Jijiya ta farko ita ce ta masu gyaran rediyo da rikoda da talabijin, waɗanda suka iya liƙi da dalma, suka san aiki da mita, wato na'urar auna wuta, kuma tsohon allon kwamfuta mai ƙaton ƙeya bai zame musu baƙo ba domin ɗan'uwan talabijin ne. Jijiya ta biyu kuwa ita ce ta matasan da suka yi karatun kwamfuta a makaranta ko a cibiyoyin horo, waɗanda suka iya ɗora Windows da sauran manhajoji amma suke shakkar buɗe duk wani abu mai wuta a ciki. Duka biyun mai kawo gyara yana kiransu Injiniya, yaran shago kuma suna ce musu Oga ko Maigida, amma kowannensu rabin injin ya sani, kuma wannan rabuwa ita ce tushen kurakurai da dama da suka daɗe suna cin kuɗin jama'a. Kasuwar ta buɗe sosai bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar shagunan intanet, sannan kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo a 2008 ya kawo dubban ɗalibai masu buƙatar bugu da bincike, hukumar JAMB kuma ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, abin da ya haifar da cibiyoyi masu ɗaruruwan injuna a ɗaki ɗaya.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan injuna suka iso a sabbi. Ko da yake kamfanonin gida irin su Zinox da Omatek sun yi ƙoƙarin harhaɗa kwamfuta a cikin ƙasa, kayan gwanjo ne suka cika kasuwa, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta kasuwar Alaba da ta kwamfuta da ke Ikeja, daga can su hau mota zuwa Taraba ta Wukari, ko kuma su fara yada zango a Kano kafin su gangaro ta Gombe da Numan. Rahoton da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas a kowane wata, kuma ya ruwaito cewa abin da ya kai kashi 75 cikin 100 na wasu kayan ba ya ko gyaruwa. Waɗanda suka tsira daga cikinsu yawanci injunan ofis ne, samfurin Dell OptiPlex da HP Compaq da makamantansu, waɗanda suka gama shekarunsu na aiki a ɗakuna masu sanyi a Turai da Amurka, a kan wutar da ba ta ko ƙiftawa. Darasin farko da irin waɗannan kaya suka koya wa masu gyara mai tsada ne: wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230, bolt kuma shi ne ma'aunin ƙarfin da wuta ke turowa da shi, don haka tsofaffin fawa-fak suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, kuma duk injin da aka jona ba a mayar da makunninsa kan 230 ba, ƙara ɗaya yake yi, hayaƙi ya biyo baya.

Domin a fahimci sauran tarihin, tilas ne a san aikin wannan akwati. Wutar da ke fitowa daga bango mai kaiwa da komowa ce, tana juya alƙibla sau 100 a kowace daƙiƙa, alhali sassan kwamfuta suna buƙatar wuta miƙaƙƙiya mai ƙaramin ƙarfi wadda ba ta hawa ba ta sauka. Tun daga 1995, lokacin da kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, aka daidaita cewa fawa-fak zai riƙa fitar da wuta iri uku ta wayoyi masu launi daban-daban: rawaya tana ɗauke da bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ita ce hanyar komawar wuta. Ƙa'idar tsarin ba ta yarda waɗannan su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, wato wayar rawaya ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, kuma ta wajabta wa akwatin ya iya riƙe injin na kimanin kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa idan wuta ta ƙifta. Abin da ke ba shi wannan iko shi ne kafasita, wasu 'yan gwangwanaye masu tara wuta su sake ta a hankali, waɗanda a cikinsu akwai ruwan sinadari da zafi ke busarwa. Masana sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwar irin wannan kafasita da kusan rabi, kuma wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa akwatin da zai yi shekara goma a Landan ba ya kai haka a garin da zafin watan Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40.

Zafi kuwa shi ne ƙaramin abokin gaba idan aka kwatanta shi da wutar kanta. Lantarki ya fara haskawa a Legas a 1896, aka kafa hukumar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun ruwa aka samar da NEPA, sunan da ya zauna a bakin jama'a har yau duk da cewa an sauya shi zuwa PHCN a 2005. Da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamba 2013, Taraba ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Yola tare da Adamawa da Borno da Yobe, amma masu jarin farko suka janye a 2015 saboda rikicin Boko Haram, gwamnati ta ci gaba da riƙonsa na wasu shekaru kafin ta sake miƙa shi ga wasu. Duk waɗannan sauye-sauye na suna da na mallaka ba su canza taswirar ba. Manyan tashoshin samar da wuta suna Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma kudancin ƙasar inda ake ƙona iskar gas, ita kuwa Jalingo tana can wutsiyar layin da ya bi ta Jos da Gombe da Yola, kuma dokar lantarki ce cewa duk tsawon waya da yawan masu jan wuta a kanta, haka ƙarfin da zai isa ƙarshenta ke raguwa. Abin takaici shi ne jihar da ke fama da wannan hali ita ce mai tsaunin Mambilla, inda aka shafe shekaru fiye da arba'in ana maganar madatsar da gwamnatin tarayya ta amince a 2017 a kashe mata kimanin dala biliyan 5.8 domin ta ba da megawat 3,050, amma aikin ya maƙale a shari'a da rashin kuɗi. Wadda ta tabbata ita ce madatsar Kashimbila da ke yankin Takum, mai megawat 40.

Mutanen gari suna raba matsalar wuta gida biyu, ko an kawo ko an ɗauke, amma mai gyaran kwamfuta ya san cewa ɗaukewar ba ita ce mafi muni ba. Wuta mara ƙarfi, irin wadda ƙwai ke yin ja fanka na juyawa da ƙyar idan taransifomar unguwa ta yi nauyi da magariba, tana sa fawa-fak ya ƙara yawan abin da yake zuƙa domin ya cike giɓi, sai ya yi ta ɗaukar zafi har wani sashe nasa ya gaza. Wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, da tsawar damina da ke bin wayoyi, su kuma nan take suke kisa. Mafi ɓarna duka shi ne tsinkewar wayar nutural, wato wadda ke daidaita layuka ukun da suka fito daga taransifoma, domin a lokacin wutar wasu gidaje na iya haurawa kusa da bolt 400, a wayi gari unguwa guda ta yi asarar talabijin da firji da kwamfuta. Ga kuma gine-gine da yawa da ba a yi musu wayar ƙasa ba, wato wadda ake binnewa domin ta kwashe wutar da ta ɓalle, shi ya sa jikin kwamfuta ke jan hannun wanda ya taɓa shi, kuma shi ya sa soket masu kariya daga tsawa ba sa cika aikinsu.

Duk da haka, muddin aikin injin bai wuce buga takarda da duba intanet ba, fawa-fak mai rauni yana iya ɓoye rauninsa na shekaru, domin irin wannan aiki ba ya cin ko wat 100, wat kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da na'ura ke sha. Wasa ne ya canza lissafin. Gidajen gem da suka yaɗu a unguwannin garuruwan Arewa sun ginu ne a kan PlayStation, musamman PS2 da ta fito a 2000 da magadanta, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallon Pro Evolution Soccer ko FIFA ko damben Mortal Kombat, kuma bunƙasarsu ta tafi kafaɗa da kafaɗa da ta gidajen kallon ƙwallon Turai. Kwamfutar tebur ta shigo wannan fage ne ta gefe, ta hannun yaran shagunan intanet da ɗalibai da suka gano cewa injin da ake buga takarda da shi yana iya ɗaukar GTA Vice City na 2002 ko Need for Speed. Amma wasanni sun ci gaba da ƙara nauyi, kuma tun daga katin Voodoo na 1996 da GeForce 256 na 1999 aikin zana hotunan wasa ya koma kan katin hoto, wato wani allo na musamman da ake sokawa a jikin madabod, babban allon da ke ɗauke da sauran sassa. Ramin da ake soka katin yana ba da wat 75 ne kawai, shi ya sa manyan katuna ke neman ƙarin waya mai baki 6 da ke ba da wat 75 ko mai baki 8 da ke ba da 150, har aka kai ga RTX 4090 na 2022 da shi kaɗai ke shan wat 450. Siririn injin ofis na gwanjo kuwa fawa-fak ɗinsa yawanci bai wuce wat 240 ba, kuma kamfanonin da suka ƙera shi sukan yi masa baki na daban wanda na kasuwa ba ya shiga.

A nan ne fasahar masu gyara ta fito fili, a nan ne kuma wasu suka yi ɓarna. Masu lura sun gane cewa mafita ita ce katunan da suka wadatu da wutar ramin kaɗai, irin su GTX 750 Ti na 2014 da GTX 1050 Ti na 2016 da GT 1030 na 2017, waɗanda suka mayar da tsofaffin injunan ofis abin wasa mai sauƙin kuɗi a ƙasashe da yawa. Masu gaggawa kuwa sai suka koma ga wayoyin jone, suna ɗebo wuta daga bakin da aka yi domin rumbun ajiya, wanda iyakarsa wat 54, suna ciyar da katin da ke neman ninkin haka, ƙarshenta roba ta narke, wani lokaci har da gobara. Kasuwa kuma ta cika da fawa-fak marasa asali da aka rubuta wa wat 500 ko 650 a jiki, alhali wanda ya duba ƙananan lambobin da ke takardar zai ga wayar bolt 12 amfiya 18 take bayarwa, amfiya kuwa ma'aunin yawan kwararar wuta ne, idan aka ninka 18 sau 12 kuma wat 216 ake samu, kuma daga wannan waya ce firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da katin hoto suke sha tun zamanin Pentium 4. Tsofaffin hannu sukan ɗaga akwatin su ji nauyinsa kafin su karanta takardarsa, domin tagulla da ƙarfen sanyaya suna da nauyi, wanda aka rage wa kaya kuma hannu yana ganewa. Su kansu katunan ba su tsira daga jabu ba, domin an sha sayar da tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti, sai an ɗora masa wasa mai nauyi asirinsa ya tonu.

Babban ci gaban da sana'ar ta samu shi ne rarrabe cuta biyu da mai kawo gyara ke haɗawa cikin magana ɗaya, cewa injin ba ya jan gem. Cuta ta farko ita ce jan ƙafa, wato hoto ya riƙa tsinkewa ko ya yi nauyi saboda injin ya kasa zana hotuna 30 zuwa 60 a daƙiƙa, adadin da ido ke buƙata kafin ya ga motsi sumul. Wannan da wuya ta zama laifin fawa-fak. Mafi yawan lokaci zafi ne, domin firosesa tana rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 100 don kada ta ƙone, kuma a garin da hunturu ke toshe fanka da ƙura, man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari, alamar ita ce wasa ya fara lafiya sannan ya lalace bayan 'yan mintoci. Wani lokaci ƙarancin ram ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki a cikinta, ko a sa sanda ɗaya inda biyu za su ninka faɗin hanyar, ko tsohon rumbun ajiya mai faifai da ya kamata a canza da SSD marar faifai, ko rashin sahihin direba, wato manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin, ko ƙwayoyin cutar da ke biyo filashi da wasannin sata. Akwai ma kuskure mai sauƙi da ya yawaita, a sayi kati mai tsada amma a bar wayar allo a jone da madabod, katin yana zaune ba ya aikin komai.

Cuta ta biyu ita ce mutuwar farat ɗaya, inda injin ke ɗaukewa ko ya sake tashi da kansa daidai lokacin da wasa ya yi zafi, ba tare da wani gargaɗi ba, kuma a nan ne zargi ya fi ƙarfi a kan fawa-fak ko wutar da ke shigo masa. Shekaru da dama maganin da 'yan jijiyar manhaja suka sani ga kowace irin cuta shi ne fomatin, wato a share komai a sake ɗora Windows, kuma babu wanda zai iya ƙididdige hotunan biki da takardun makaranta da suka salwanta ta wannan hanya a kan laifin kafasita ɗaya da ta kumbura. Su ma 'yan jijiyar dalma suna da nasu gajeren gwajin, su haɗa koriyar wayar da ke kunna akwatin da baƙa da ɗan ƙarfe, idan fanka ta juya su ce akwatin lafiya lau yake, alhali juyawar fanka tana nuna ya tashi ne kurum, ba ta nuna zai iya ɗaukar kaya ba. Jakin da ya miƙe tsaye ba lalle ne ya kai mangala kasuwa ba. Gwanin da ya haɗa jijiyoyin biyu daga bango yake farawa: ya auna wutar soket, ya tambayi mai injin ko a kan Nepa yake mutuwa ko a kan janareto, ya cire sitabilaiza mai daidaita wuta da akwatin batir na UPS ya gwada, ya sa mita a kan wayar rawaya yayin da wasa ke gudana ya ga ko tana faɗuwa ƙasa da 11.4, ya duba zafin firosesa da na katin, a ƙarshe kuma ya jona wani fawa-fak da ya tabbatar da lafiyarsa, wanda shi ne gwajin da ba ya ƙarya. Kumburarriyar kafasita tana da nata tarihin, domin tsakanin 1999 da 2007 masana'antu sun cika duniya da wasu masu gurɓataccen sinadari, injuna irin su OptiPlex GX270 suka yi ƙaurin suna da su, kuma da yake kayan gwanjo sai sun tsufa suke isowa, annobar ta sauka a teburan masu gyara na Nijeriya ne bayan ta lafa a inda ta taso.

Na'urorin da aka kawo domin kariya su ma sun zo da nasu matsalolin. Ƙaramin janareton da ya cika shaguna ba shi da abin daidaita wuta, gudunsa yana hawa da sauka, kuma da zarar an kunna injin hoton takarda ko dutsen guga a kan layi ɗaya sai wutar ta nutse. UPS, wato akwatin batir da ke riƙe injin na 'yan mintoci idan an ɗauke wuta, lambar 650 da ke jikin mafi yawansu ba wat ba ce, abin da suke iya ɗauka bai kai wat 400 ba, batirinsu kuma zafi yana kashe shi da wuri. Fawa-fak na zamani masu inganci suna aiki da kowace wuta daga bolt 100 zuwa 240 ba tare da jan makunni ba, abin da ya sa suka fi dacewa da gari irin Jalingo nesa ba kusa ba, sai dai wasunsu ba sa jituwa da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta bango, idan mai araha ce wadda wutarta ba ta fita sumul. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sun sa kunna janareto domin wasa ya zama abin da lissafi ba ya ɗauka, sannan a 2024 lalata turakun layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilu da katsewar manyan layukan Arewa a watan Oktoba suka jefa yankin cikin duhu na kwanaki masu yawa. Wannan ne ya tura masu hali zuwa sola, ya kuma ƙara wa mai gyara sabon karatu na faranti da batir da inbata.

A daidai wannan lokaci wayar hannu ta riga ta kwashe mafi yawan masu wasa, da Free Fire da PUBG da Call of Duty, laftof kuma ta karɓe ofisoshi saboda tana tafe da batirinta. Amma kwamfutar tebur ba ta bar garin ba, hannu ta sauya. Masu tace bidiyon biki da na wa'azi, da masu zanen fastocin siyasa, da ɗakunan ɗaukar waƙa, da masu zanen gine-gine, da cibiyoyin jarrabawa, duk suna ɗora wa injin nauyi irin wanda wasa ke ɗorawa, kuma ilimin da aka tara a kan injunan 'yan gem shi ne yau ke tsare jarin waɗannan mutane. Abin da bai canza ba shi ne ɗabi'ar mai saye, wanda zai yi ciniki mai tsawo a kan firosesa da kati saboda sunayensu ake faɗa a majalisa, sannan ya sayi fawa-fak da canjin da ya rage, alhali shi ne sashen da idan ya mutu yake iya jan sauran zuwa kabari.

Rauni mafi girma na sana'ar shi ne har yanzu a baki take, daga maigida zuwa yaro, kuma ba kowane maigida ne ke gaya wa yaronsa cewa babbar kafasitar da ke cikin fawa-fak tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare waya ba, ko cewa hayaƙin dalma da na wayoyin da 'yan jari-bola ke ƙonawa domin cire tagulla guba ne. Jami'ar Jihar Taraba da kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da hukumar NDE mai kula da koyon sana'a suna da ɗakunan karatu da ikon ba da takardar shaida, masu shagunan da ke kan titin Hammaruwa da titin Barde da cikin kasuwa kuma suna da abin da shekaru suka koya musu game da wutar garin. Ya kamata waɗannan cibiyoyi su gayyato gwanayen su koyar, a rubuta abin da suka sani da Hausa, harshen da Bafulatani da Mumuye da Jukun da Ibo suke ciniki da shi a Jalingo, kuma a sa auna wuta da kariyar rai su zama darasin farko ga duk yaron da aka kawo koyon gyara.